Insha'in Awakin Maƙwabta

Ni fa Turancina ba a aji na same shi ba. A rediyon babana na fara tsintarsa, da waya ta zo kuma na koma gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu, inda sabis yake ɗan kamawa, ina bin darussa. Da na ji bakina ya fara sakuwa sai abin ya hana ni zama. Kowa na gani ina so in koya masa, har sai da innata ta ce don Allah in bar ta ta yi dakanta.

A lokacin ƙaramar sakandaren ƙauyenmu, nan gefen Minjibir, ba ta da malamin Turanci. An ɗauke na da, ba a kawo wani ba. Na je na sami shugaban makarantar, wani dattijo abokin babana, na roƙe shi ya ba ni 'yan aji ɗaya in koyar da su kyauta.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, takarda dai ba ka da ita. Amma gwada. In zango ya ƙare yaran nan suna rubuta abin kansu da Turanci, ko layi kaɗan ne, aji naka ne. In ba haka ba, babanka na neman mai taya shi noma."

Karatu bai ba mu wahala sosai ba. Rubutu ne ya kusa mayar da ni gona. Na ba su insha'i a kan gidansu, washegari na karɓa ina ta murna. Na buɗe na farko: babansa likita ne, a bene suke zaune, ranar hutu suna zuwa bakin teku. Na biyu ma haka. Na uku ma. Ashe misalin da ke cikin littafinsu suka kwafe kaf. Aji guda, duk 'ya'yan likita ɗaya.

Na kira wani da na san babansa sarai, kullum yana wuce gidanmu da jakinsa zai kai taki gona. Na ce, "Kai, yaushe Baba ya fara duba marasa lafiya?"

"Malam, ai na littafi ne."

Sai na ce bari in sauƙaƙa musu. Na rubuta tambayoyi a allo: sunan mahaifinka, ku nawa ne a gida, dabbobinku, abin da kuka noma bara. Ba wanda ya taɓa biro. Can wata yarinya ta layin gaba, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta ɗaga hannu.

"Malam, kai za ka iya faɗin sunan babanka a gaban mutane?"

Gaskiya ba zan iya ba.

Ta ce, "Kuma kakata ta ce ba a ƙirga 'ya'ya."

Wani daga baya ya ce, "Malam, in na rubuta damman geronmu baki ya kama gonar, me zan ce wa Baba?"

Suka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma na san zango ya yi nisa.

Damina ce lokacin, kuma gonakinmu manne suke da juna, 'yar siririyar hanya ce kawai a tsakani. Ina komawa gida ta nan sai na ji ɗalibaina biyu a gabana suna musu a kan akuyar da ta shiga waken wani. Launinta, karyayyen ƙahonta, inda ta bi ta shiga, abin da mai gonar ya faɗa, komai suna zubawa ba gargada. Na ce a raina, to, nasu ne ba sa iya faɗa, na maƙwabta kuwa har da ƙari.

Da safe na shiga aji na ce, "Kowa ya rubuta mini labarin akuyar maƙwabcinsa. Ban da taku."

Ban taɓa ganin hannuwa sama haka ba. "Malam, yaya ake cewa igiya da Turanci?" "Malam, ɓarauniya fa?" "Malam, mara kunya?" Na cika allo da kalmomi, wanda ban sani ba in duba waya a gabansu. Muka yi makonni muna gyarawa, kowa na karanta nasa ana dariya. Abu ɗaya ya dame ni: kusan rabin ajin wata jar akuya suka rubuta, kuma na san ta wane ne.

Ƙarshen zango shugaba ya shigo, ya zauna a benci, ya nuna yarinyar layin gaba ya ce ta karanta nata. Na yi ta yi mata ido, ko kallona ba ta yi ba. Ta miƙe ta karanta da Turancinta, a hankali, tiryan-tiryan: maƙwabcinsu yana da jar akuya, tana cinye igiyarta, ta ci wakensu, ta ci gyaɗar liman, amma mai ita babban mutum ne, shi ya sa kowa ya yi shiru.

Yara suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Shugaba ya karɓi takardar ya duba ta sama da ƙasa.

"'Yata, ke kika rubuta wannan da kanki?"

"Ni ce, Malam."

"Ba a littafi kika gani ba?"

"A gonarmu na gani, Malam."

Ya gyaɗa kai. "Rubutu ya yi. Sai dai gyaɗar liman ba ita ta ci ba, ɗanta ne." Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, a bakin ƙofa ya juyo ya dube ni. "Ɗana, zango mai zuwa ka zo da wuri. Amma a canza dabba."

Da aka dawo hutu jakuna muka yi. Sai da na bincika na tabbatar shugaba ba shi da jaki.