Sunan Yaya Habibu a Gidan Gumaka

Shekara shida ke nan da muka binne yayana Habibu a nan Guangzhou, amma sai bana na gane ban gama saninsa ba.

Tafinta ne a unguwar Sanyuanli. Duk Bakanon da ya sauka sayen takalma ko jakunkuna, Habibu ne bakinsa. Aibinsa ɗaya, karance-karance. Ana tsaka da maganar kwantena sai ya ɗauko maka zancen wani masanin addinin Buddha na Indiya, tun zamanin da, wanda ya ce babu abin da ke tsaye da ƙafarsa a duniya, kowane jingine yake da wani. Mu ce, Yaya, jirgi dai ba ya jira. Daga nan tsegumi ya tashi, wai ana ganinsa yana shiga gidan gumaka. Maganar ta kai Kano, har kunnen Hajiyarmu. Ni na rantse mata ƙarya ce, kuma da rantsuwar nan take samun barci.

Bana wani ɗan China da muke sayen kaya wurinsa ya ce in same shi a bakin wani wurin bautarsu. Ina tsaye ina kallon gumakan da suke kira masu gadi, ido a zazzare, wannan da takobi, wancan da maciji a hannu, sai wata tsohuwa mai shara ta yar da tsintsiya ta ce, "Habibu!" Wallahi sai da na waiga. Mun yi kama ƙwarai.

Ta ja ni har wani bango cike da takardu rawaya, sunayen mamatan da suke yi wa addu'a. Abokin cinikina ya karanta min wadda ta nuna. Sunan yayana ne, mutumin sahun gaba a sallar asuba, hayaƙin turarensu yana dukansa.

Shi ya fassara min sauran. A ciki akwai gunkin wani mai gadin, saurayi riƙe da sanda. A al'adarsu, in ya saɓa ta a kafaɗa, matafiyi zai ci ya kwana. In ya dogara ta a ƙasa, babu masauki. Nasu a kafaɗa take. Shekarar da aka rufe wani masaukinmu, mutanenmu suka rasa wurin sa haƙarƙari, Habibu ya je ya ce wa shugaban wurin bautar ko dai su ciyar da baƙi, ko su sauke sandar. Ya san abincinsu ba nama, ba giya. Suka yarda, tsohuwar nan ce ta riƙa dafawa.

Na ce a tambaye ta ko ya taɓa rusuna wa gumakan. Ta ce, "Ko sau ɗaya. Lokacin sallarku ma fita yake."

Da yana raye, na san dariya zai yi min, ya ce ga jinginar da yake faɗa. Amma takardar nan ba zai yarda da ita ba, ni ma haka. Na roƙa a cire. Tsohuwar ta ciro ta da hannu biyu, ta tambaya mu me muke yi wa namu mamatan. Na ce sadaka.

Saura Hajiya. Na daɗe ina juya waya kafin na kira, na faɗa mata komai, har macijin. Abin da ya rage na Habibu a garin nan ba shago ba ne, ba gida ba. Mutane ne da suka ƙoshi, wasunsu ma cikin masu tsegumin. Ina shirin faɗa mata haka ta katse ni.

"Ka yi kaffarar rantsuwarka," ta ce. "Ka ciyar da mutum goma. Ka kai wa tsohuwar nan shinkafar, ita za ta dafa."