Lafiya Lau Ɗin Ƙawata

Daminar da murar nan ta zagaya duniya, 'yan shekaru kafin mulkin kai, muna zaune a Makera, a wani gidan haya bayan layin dogo. Maigidana makaniken reluwe ne. Kullum ya dawo hannunsa baƙi ƙirin, bakinsa cike da labarin tasha, kuma shi ya fara kawo mana zancen wai ciwon ya sauka ta bakin teku, yana hawo jirgi kamar kowane fasinja. Muka yi masa dariya. Ba a yi wata ba layin bayanmu ya cika da tari.

Inna, mahaifiyata, tana wurina a lokacin. Ta zo ganin likita ne saboda fuka, ciwon ƙirjin da ta daɗe tana fama da shi. Disfensan reluwe bai ɓoye wa maigidana komai ba. Ya ce matasa kan kwanta 'yan kwanaki su miƙe, amma tsohuwa mai irin ƙirjin Inna, in ta kamu, sai dai addu'a. Muka yanke shawarar in mayar da ita ƙauyenmu, gaba da Zariya, tun ciwon bai shigo gidanmu ba.

Disfensan ya ba da sharuɗɗan tafiya: a zauna bakin taga, a rufe hanci, kada a sha ruwa a moɗar kowa, kada a zauna kusa da mai tari. Ni kuwa in aka ba ni doka ɗaya sai na ƙara mata biyu. Na tafasa ruwa na cika buta, na sayi sabuwar moɗa ta Inna ita kaɗai, na ɗaure kafur a hankici, na soya mana nama don kada mu sayi ko ƙosai a hanya. Inna tana kallona tana cewa, "Ke dai da namiji ce, da ɗan sanda aka yi."

Ana gobe tafiya, da la'asar, sai ga ƙawata daga Kakuri. Shekararmu shida muna ƙawance, kwanon abincinta ya san ɗakina, nawa ya san nata, kuma ni na riƙe ta ranar da ta haifi ɗanta. Ranar ba ta zo da yaron ba. Muka gaisa, ta durƙusa ta gaida Inna, sannan ta ce, "Na ji za ku Zariya. Ku tafi da ni mana, ina son ganin gwaggona. Kin san halin mutumin, ba zai bar ni in hau jirgi ni kaɗai ba."

Na ji daɗi, don tafiya da ita ba ta da gajiya. Amma na ja ta ƙofar ɗaki, na rage murya na ce, "Ƙawa, mun gama gaisuwa, yanzu tambaya nake yi. Kin san ƙirjin Inna. Gidanku babu mai mura? Yaron fa?"

Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Lafiya lau, Ƙawa."

Kowa ya san mutumin da ke kwance rai a hannun Allah ma, in ka gaishe shi, lafiya lau zai ce maka. Haka muka taso, ban kuma ga laifin hakan ba. Shi ya sa na raba mata gaisuwa da tambaya, da bakina, a fili.

Da safe muka haɗu a tasha, yaron yana goye, ta lulluɓe shi da mayafi har kai. Tarago ya cika maƙil. Na yi ture, na yi harara, har na samo wa Inna bakin taga, na zauna gefenta na tare ta daga jama'a. Ƙawata ta zauna kusa da ni. A gabanmu akwai wata mata 'yar wajen Kagoro, da ƙaramin gicciye a wuyanta da kwandon lemo a cinya. Da jirgi ya haye gada hayaƙin inji ya shigo, ta yi tari sau ɗaya. Shi ke nan na sa mata ido. Ta miƙo wa Inna lemo, na ce mun ƙoshi, ko godiya ban yi ba.

Can yaron ya fara ƙananan kuka. Inna ta sauke hankicin daga hancinta ta ce, "Sauko min da angona, tun ɗazu kin ɓoye shi kamar wata za ta ƙwace." Na ga ƙawata ta ɗan yi jim, na ɗauka kunya ce. Ta kwance goyon, ta miƙa shi ta gabana. Inna ta rungume shi a ƙirji, ta goge masa majina da bakin zanenta, ta tsiyaya ruwa a sabuwar moɗar ta ba shi, ta shanye ragowar.

Matar mai lemo ta leƙo ta ce, "Mama, yaron nan ba shi da lafiya fa. Dubi idonsa."

"Haƙori yake fitarwa," in ji ƙawata da sauri.

Ni kuwa na ce, "Ke da kike tari tun gada, ke ce za ki nuna mana marar lafiya?" Matar ta mayar da kanta taga. Har yau in na tuna fuskarta sai in ji kunya ta rufe ni. Na taɓa ƙafar yaron a lokacin, na ji zafi, amma ƙawata ta riga ta ce lafiya lau, sai na gaskata bakinta na ƙaryata hannuna.

A Zariya muka rabu, mu muka hau mota zuwa ƙauye. Bayan kwana uku Inna ta fara rawar ɗari. Ni ma na kwanta, na kuma tashi kamar yadda disfensa ya faɗa. Inna ba ta tashi ba. Numfashinta ya riƙa fita da ƙara kamar ana jan zarto, ran kwana tara da azahar ya tsaya.

Sai da na dawo Makera na ji sauran labarin, daga bakin wata maƙwabciyar ƙawata da ta zo min ta'aziyya, ba ta kuma san abin da take faɗa ba. Ta ce, "Ita ƙawarki Allah ya taimake ta, yaron ya warware. Kwana uku yana zazzaɓi kafin ku tafi, uban ma yana kwance. An ce mata kada ta fita da shi, ta ce sai ta kai shi wurin malamin gwaggonta." Ashe ranar da ta zo min da la'asar, zazzaɓi ta baro a kan tabarma.

Washegari ƙawata ita ma ta zo, da kwanon tuwo a hannu. Ban karɓa ba. Na ce, "Na tambaye ki."

Ta fashe da kuka. "Ai kowa haka yake cewa, Ƙawa."

"A gaisuwa. Na ce miki ba gaisuwa ba ce."

"Da na faɗa miki, za ki tafi da ni?"

"A tarago ɗaya, a'a."

"To ɗana fa? Ina ganin yana tafiya a hannuna."

Na ce mata da ta buɗe baki, da maigidana ya haɗa ta da wata matar ma'aikacin jirgi a wani tarago, da ta kai ɗanta Zariya a ranar, a jirgin nan dai. Da ma ta ce wa Inna, bari, jikinsa da zafi, lokacin da Inna ta miƙo hannu. Ita ma ta san gaskiya ce. Mutane sun yi ta ba ni baki, wai kwana ne ya ƙare, wai ciwon yana ko'ina. Na yarda da ƙarewar kwana. Abin da ya ci min rai shi ne na tsare uwata daga tarago guda na baƙi, na ci mutuncin baiwar Allah a kan tari ɗaya, sannan ciwon ya wuce ta kan cinyata daga hannun wadda na fi amincewa da ita.

Mun ƙara shekara goma sha ɗaya a Makera. Yaron ya girma, ina ganinsa yana wucewa makaranta, ban taɓa jin haushinsa ba. Uwarsa kuwa mukan haɗu a kasuwar Kakuri ko gidan suna. A shekarun nan na yi ɓari, maigidana ya rasa yatsu biyu a inji, ta kuma ji duka. Duk sanda ta tare ni sai ta riƙe min hannu, ta rage murya ta ce, "Ƙawa, tsakani da Allah, yaya gida?"

Nakan dube ta ido cikin ido in ce, "Lafiya lau."