Eriyar mai shayi

Shekarun baya, ana tsakiyar zafin shari'a, ina riƙe da wani ɗan shagon intanet a Jibiya, dab da boda. Kwamfuta huɗu ce kacal sai farantin kamo intanet a saman kwano, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni na ƙirƙiro intanet ɗin. Ginin na wani Alhaji ne, kuma 'yarsa nake nema, don haka kullum so nake ya gan ni a gwani.

Dattawan unguwa suka ce a raba wurin zaman maza da na mata. Na sayo falanki, na ce ba sai an kira kafinta ba, na buga abina ranar Juma'a bayan mun tashi. Da safe na kunna na'ura, intanet ya ce bai san zancen ba. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na zare wayoyi na hura musu iska, na zargi janareto, na zargi hadari. Ga masu fiton kaya sun cika benci da takardun da za a tura Legas.

Da na hau kwano sai na ga wata 'yar siririyar waya ɗaure a ƙarfen farantin. Eriyar rediyon mai shayin jikin bangonmu ce, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya yi shekara da shekaru a wurin. Ai kuwa na samu mai laifi. Na tsinke ta, na sauko ina faɗa, daidai lokacin da Alhaji ya iso.

"Baba, rediyonka ne ya shanye mana intanet," na ce masa a gaban kowa.

"Ɗana, wayar ga ta yi wata shidda nan, rezon intanet ɗinku bai taɓa ɗaukewa ba."

Na ce me ya sani game da na'ura. Ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ci gaba da wanke kofunansa. Alhaji ya ce tunda masani ya faɗa, a ɗauke tebur daga jikin gininsa. Kafin la'asar an ɗora shi a kura.

Intanet bai dawo ba. Kwana uku sai da na kira wani abokina mai gyaran na'ura daga Katsina. Bai ko hau kwano ba, wayar farantin ya bi da hannu har bayan falankina, ya tsaya. Ƙusa ta inci uku ta ratsa tsakiyarta.

"Wane gwanin ne ya yi wannan aikin?"

Na roƙe shi ya rufa mini asiri, kuma ya rufa. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Sati biyu ina jin mutane na cewa tun da aka kori mai shayi komai ya daidaita, ina gyaɗa kai.

Mahaifiyata ce ta ga na daina cin abinci, ta titsiye ni na faɗa mata. Ta ce kar in sake in kwana a gidanta ban nemi mutumin nan ba. Na same shi can bayan tasha, inda ko masu wucewa babu. Ina ta kame-kame ya katse ni.

"Na sani. Ina leƙe ta taga sadda kaka bugawa, na ga inda ƙusar ta shiga."

"To Baba, me ya hana ka faɗa?"

"Gaban surukinka?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na je na faɗa wa Alhaji gaskiya, ya aika a dawo da shi, amma dattijon ya ce ya gode, ya riga ya saba da sabon wurin. Bai cika wata biyu ba ya koma Maraɗi, ciniki ya ƙi.

An ba ni matar, yau muna da 'ya'ya biyar. Duk ranar da na zauna ina kallonsu, ina sane da cewa wani bawan Allah ya rasa wurin neman abincinsa don kar in ji kunya, ni kuma sai da aka tilasta ni kafin na je ba shi haƙuri.