Ranar da Idi Rigijib ya ƙi tashi

Yau da safe ina durƙushe gaban tayar wani moto, wato babur, a bakin tashar Filinge, waya ta yi ƙara. Na duba, Hajo ce, matar Idi Rigijib, daga asibitin Yamai.

Na bar ta ta yi ƙara har ta gaji.

Da ta sake kira, mai moton ya ce, "Malam, ko ka ɗauka, ko ka ba ni in ɗauka maka. Sauri nake."

Na ɗauka, innalillahi tana bakina a shirye. Sai na ji ta ce, "Baban Nana, ɗan'uwanka ya yi magana."

Ban san na zauna cikin bahon ruwan da nake gwada tiyub ba, sai da sanyi ya sanar da ni.

Jama'a, Idi yana raye, kuma bakinsa ya buɗe. Ku bar ni in yi rubutun nan da tsawo, ko da hannuna ya fi saba da faci. Tun da abin ya faru ban ci abinci ya zauna mini ba, don a ƙofar gidana ya faɗi, ranar sunan ɗiyata, kuma yana kwance yana fama da ransa muna tsaye a kansa muna dariya. Ni na fi kowa.

Idi taubashina ne. Uwarsa da babana ciki ɗaya. Tare anka kai mu lakwal a ƙauyenmu cikin Kurfai, tare anka gane ba a yi mu don karatu ba. Ni na kai aji huɗu, shi ya sa har yau yake kirana Mushe, wato malamin makaranta.

Faɗuwar nan da kuka san shi da ita, a aji ta fara. Malaminmu ya ɗaga bulala, kafin ta sauka Idi ya zube ƙasa rigijib, ido ya kafe. Mutumin ya tsorata, ya aika a kawo ruwa, ya manta da duka.

Washegari na gwada nima. Na faɗi a hankali don kada in ji ciwo. Nawa dukan da na Idi duk ni na sha.

Daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ni faci, shi kasuwa. Wani mai sayar da maganin ɓera ya riƙa yawo da shi, Damana, Sanam, duk inda kasuwa ke ci. Idi ya yi ɓeran, ya ci magani, ya faɗi, mutane su taru, magani ya ƙare. Daga baya rediyon gari ta ɗauke shi wasan kwaikwayo. Na tambaye shi yadda za a ga faɗuwa a rediyo. Ya ce, "Buhun hatsi ka faɗuwa, Mushe, ni nishi kawai nike yi."

Sai wasu masu kyamara sunka zo daga Yamai. Sauran kun fi ni sani. Fim a kaset, fim a faifai, yanzu ga shi cikin wayar kowa. Shi ke fitowa a maigidan nan mai ƙaton rawani da ƙaramar zuciya, wanda da an ce masa surukai sun iso, ko rumbu ya ga ƙasa, sai ya dafe kai ya zube. A yi ta fifita, a yi ta kuka, ba ya motsi. Sai wani ya ce "ga fura", ya miƙe zumbur yana neman ludayi.

Yaro ma da bai iya magana ba ya san wannan.

Ya je Sakkwato, ya je Kano, an ɗauke shi hoto da manya. Amma da ruwan farko ya sauka, za ka gan shi a gonar ubansa da hauya, wando ɗaya da na kowa. In ƙauyawa sun tsaya kallonsa ya ce, "Fim ba shi shiga tukunya, ku kama aiki."

Sau ɗaya ya sa ni a fim. Na yi wanka, na ari babbar riga, na gaya wa unguwa duka. Aikina in riƙe jaki. Da fim ya fito, jakin ya fito sarai har da kunnuwa, ni ƙafafuna kawai anka gani. 'Ya'yana sun gane ni da takalmi. Har yau in na yi faɗa a gida, babbar takan ce wa ƙannenta, "Ku yi shiru, ɗan fim na magana."

Shekarar da gero ya ƙi, na ɓoye halin da nake ciki, don ina da girman kai irin na wanda ba shi da komai. Wata rana ya shigo da buhu a bayan moto, ya ce wa matata ta ajiye masa, wai gidansa akwai ɓera. Bai taɓa dawowa ɗauka ba. Da na yi masa magana ya ce, "Wane buhu? Kai dai tsufa ya kama ka."

Kuma akwai abin da bai taɓa wasa da shi ba. Wani mai shirya fim ya so ya kwaikwayi 'yan bori, ya faɗi yadda suke faɗuwa. Gwaggonmu tana cikinsu har ta rasu. Idi ya ce, "Tawa faɗuwar ta yunwa ce. Tasu ba tawa ba ce, ban taɓa ta." Ya bar aikin ya dawo gida.

To, ranar sunan.

Ya zo da hantsi, bayan an yanka rago, mutane cike da ƙofar gida. Na lura yana ta murza goshi. Na ce ko rana ce, ya ce kai ne ke sara tun jiya. Muka wuce wurin.

Wani ya tsokane shi ya ce, "Rigijib, ka ji taubashinka ya ƙara baki guda, rumbu kuwa ɗaya ne." Idi ya miƙe, ya dafe kai. Ya fara magana, harshen ya yi nauyi, kalmomin na fita a murɗe. Munka ce sabuwar murya ce ya ƙirƙiro. Sai ya zube.

Wuri ya kece da dariya. Wayoyi sunka tashi sama.

Wani ya ce, "Ga fura." Bai motsa ba.

Anka ce to yau ya ƙara farashi. "Ga fura da nono." Shiru. "Ga shinkafa." Shiru. "Ga hanta." Kowane shiru dariya ta ninka. Wani tsoho yana share hawaye yana cewa bai taɓa yin mai kyau kamar ta yau ba.

Ni uban jaririya, mai hankali, na ruga na ɗauko kan ragon suna na kanga masa a hanci.

Hajo tana ciki wurin mata. Ku sani, Hajo tun da ta aure shi ba a taɓa ganin ta yi dariyar wasansa ba. Takan ce ita ce mai wanke rigar bayan an gama birgima. Ta ji dariyar ta yi tsawo, ta fito, ta ratsa maza ba sallama, ta durƙusa ta juyo fuskarsa. Bakin ya karkace gefe guda, yawu na zuba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ku nemo mota."

Ina tsaye da kan rago a hannu.

A asibitin gari likita ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta hau ta shanye masa ɓarin jiki. Ya tambaya tun yaushe yake kwance kafin a kawo shi. Mu wajen goma a ɗakin, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ya ce irin wannan ciwo jinkiri ne ke ba shi ƙarfi, kuma ba ya iya cewa ko zai sake magana.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan, kafin motar asibiti ta wuce da shi Yamai. Idonsa biyu, yana kallona. Leɓensa na motsi, ba abin da ke fita. Na so in ce ya yafe mini, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka bar takalminka gidana." Anka rufe ƙofa.

Tun ranar nake ta juya kallon nan. Mi yake son faɗi? Mutumin da ya ciyar da gidana, yana ji muna yi masa gwanjon abinci a ka. In ya tafi a haka, da wane ido zan dubi 'ya'yansa?

Shi ya sa da Hajo ta ce yau, "Ga shi, kai yake nema," na kusa kashe wayar.

Muryar ta zo a hankali, da nauyi, kamar mai magana da goro cike da baki. Sai da na toshe ɗaya kunnen.

"Mushe."

Na ce, "Na'am, Idi."

"Sun yi dariya?"

Na ce, "Sun yi. Ka gafarce mu."

"Har Liman?"

Limamin unguwarmu mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Idi ya yi shekaru yana farautarsa, bai samu ba.

Na ce, "Har Liman. Sai da ya riƙe bango."

Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Kuma ban gani ba."

Ina jin Hajo daga gefe tana cewa ya isa haka, likita ya hana surutu. Kafin ta karɓe wayar ya ƙara da cewa, "Kan ragon nan nawa ne. Ka aje."

Mai moto ya gaji ya tura abinsa wurin wani mai facin. Ban hana shi ba. Na zauna da jiƙaƙƙen wando ina dariya ina share ido, masu wucewa na kauce mini.

Yanzu ga roƙona. Masu bidiyon ranar a waya, don Allah ku daina turawa. Na san shi zai nema ya gani, amma Hajo da yara ba su buƙatar sake gani. Kuma duk wanda kunka ga ya faɗi, baki ya karkace, magana ta murɗe, ku ɗauke shi nan take, ko da shi ne sarkin masu wasa. In wasa ne, ya yi muku dariya a cikin mota.

Hannun Idi na dama bai dawo ba tukuna, ƙafar ma haka. Hajo ta ce gobe za su gwada tsayar da shi.

Ya Allah, kai ka mayar masa da harshe, ka cika masa sauran. Ka saka wa Hajo da alheri, ka yafe mana wautarmu, ka ba duk marasa lafiya sauƙi.

Wanda Idi ya taɓa sa shi dariya ko sau ɗaya, ya tuna da shi gobe bayan sallar asuba. Allah ya tsayar da shi da ƙafafunsa, ya riƙe shi a tsaye.

Ku ce amin.