Sunan da Malama ta kira ba a amsa ba

Shekarun baya, tun wayar hannu ba ta shiga kowane gida ba, lokacin da in kana son labarin mutum sai ka taka da ƙafarka ko ka jira mai zuwa, na yi wani abu da har yau in na tuna sai na yi istigfari. Kuma ba wani abu na aikata ba. Shiru kawai na yi.

Makarantar kwana ta 'yan mata na yi. Ranar da aka kai ni aji ɗaya ina kuka ina riƙe da mayafin mahaifiyata, sai wata yarinya 'yar Kiyawa ta zo ta ɗauki bokitina ba ko tambaya, ta ce, "Taho in nuna miki gadonki, kya ƙarasa kukan a can." Tun daga nan muka ƙulla. Gadonmu kusa da juna, kuma a rajistar aji sunanta ne ke bin nawa. Kullum safe Malamar ajinmu za ta kira ni in amsa, ta kira ta ta amsa. In na makara wajen ɗibar ruwa, ita ke cewa, "Tana nan, Malama, tana tafe."

Muna aji uku, saura kwanaki kaɗan jarrabawar ƙarin aji, ƙarambau ya kama ni. Aka kai ni ɗakin marasa lafiya, aka ce kada kowa ya matso. Ƙawata ba ta ji ba. Ita ke dafa ganyen darbejiya a tsohon gwangwani ta kawo min in yi wanka, ita ke riƙe min hannu kada in sosa. Takan ce, "Ki sosa ki lalata fuska, mu ga mai kwasarki." Na warke sumul, tabo ɗaya tak a gwiwar hannu. Ranar da na zauna jarrabawar farko, ranar ita ta kwanta. Nata ya zo da ƙarfi, har sai da mahaifinta ya zo ya tafi da ita gida. Ba ta rubuta ko takarda ɗaya ba. Da aka dawo hutu mu muka wuce aji huɗu, ita aka ce ta maimaita.

Haka ta ƙare makaranta shekara ɗaya bayanmu, cikin yaran da ke ce mata Yaya, ba su taɓa sakin jiki da ita ba. In an tashi aji wajenmu take zuwa. Kwanonmu ɗaya har muka fita.

Bayan makaranta kowa ta kama gabanta. Ni aure ya kawo ni Limawa, a nan Dutse, na zauna ina kula da gida da yara. Wasu suka ci gaba da karatu suka zama manyan ma'aikata. Ita mijinta ya rasu da wuri, ta kama dillanci, atamfa da turaren wuta, gida-gida, daga Kiyawa zuwa Dutse zuwa ƙauyukan da ban ma san sunansu ba. To ka san dillaliya babu ƙofar da ba ta shiga. Da haka ta zama ita ce wasiƙarmu. In ta yi sallama ta sauke ƙullinta, kafin ta kwance shi sai ta kwance labari: wance ta haihu, wance an mayar da mijinta Haɗeja, wance mahaifinta ya rasu, jibi sadakar bakwai, ki shirya mu je. Maigidana yakan ce, "Ga gidan rediyonku nan ta iso." Shekara ashirin, duk suna ko gaisuwar da na je ta 'yan ajinmu, ita ta kawo min labarinta.

Da muka kusa cika shekara ashirin da fita, sai tsohuwar hedigel ɗinmu, wato shugabar ɗalibai, wadda a lokacin babbar ma'aikaciya ce a nan Dutse, ta ce a yi taro a makaranta. Aka kafa kwamiti, har da ni a ciki, aka ba ni kula da abinci. Ku zo ku ga yadda kaina ya kumbura. Ni da sai in yi wata ban wuce bakin zaure ba, ga ni zaune a falo mai sanyi tare da masu mota, ana cewa, "Hajiya, ke me kika gani?" Har sabon mayafi na saya don zaman kwamiti.

Amma ina za a samo mutane? Kowa ta san gidan mutum uku ko huɗu ne kawai. Sai aka ce a nemo 'yar Kiyawa. Ta zo ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, tana faɗa ana rubutawa: wannan tana bayan masallacin Juma'a, wannan ku tambayi gidan mai injin niƙa, wannan an sake ta tana gidansu, ku bi a hankali. Waɗanda ba ta san inda suke ba ta ce a ba ta wata biyu.

A zama na uku, wanda ba ta zo ba, aka zo maganar littafin taro da katin gayyata. Hedigel ta ce sunayen da ke cikin rajistar shekarar fitarmu kawai za a buga, su kuma za a ba kati.

Wata ta ce, "To 'yar Kiyawa fa?"

Hedigel ta ce, "Ai ba da mu ta fita ba. 'Yan bayanmu baɗi za su yi nasu, sai ta shiga can. In muka buɗe ƙofa, duk wadda ta taɓa kwana biyu a ajinmu sai ta ce ita ma. Tsari tsari ne."

Wata ta yi dariya ta ce, "Kuma in ta zo sai ta mayar mana da taro kasuwa, ta baza atamfa a gaban manyan baƙi."

Aka yi dariya. Duk falon nan babu wadda ta san dalilin maimaitawarta kamar ni. Wasu sun manta, wasu ba su taɓa sani ba. Magana ɗaya ce a bakina, in na faɗa shi ke nan. Amma na ji tsoron a ce matar gida ba ta san tsari ba, a daina tambayata me na gani. Akwai farantin dubulan a gabana. Na ɗauki ɗaya na cika bakina da shi.

Hedigel ta ce, "Hajiya, ke ce ta kusa da ita, ki yi mata bayani cikin hikima."

Na gyaɗa kai ina tauna.

Bayan sati biyu na nemi izinin maigidana na tafi Kiyawa. Na same ta ta dawo ke nan daga Buji a kan babur, ƙafafunta sun yi futu-futu. Tana ganina ta ɗaga hannu ta ce, "Albishirinki! Na samo ta ƙarshe, mai yawan barcin nan a aji. Tana can wani ƙauye gaba da Buji, 'ya'yanta tara, kin ga barci bai hana komai ba. Yanzu mun cika, ƙawata. In ban da waɗanda Allah Ya karɓa, mun cika."

Mun cika. Ta ƙirga da kanta.

Ta dama min fura, ta kawo dabino, tana ta tsara wadda za ta zauna kusa da wa. Can ta ce, "Yaushe za a raba kati?"

Na ce, "Za a aiko miki."

Da na biya gidanmu, mahaifiyata, wadda na riga na ba labari, ta ce, "Kin faɗa mata?" Na ce ban samu fuska ba. Ta ce, "Yarinyar da ta dafa miki darbejiya? To. Shiru ma magana ce, ki san abin da kike faɗa."

Na yi ta cewa gobe zan koma, gobe zan je wajen hedigel. Aikin abinci ya taso, na ɓuya a cikinsa.

Ranar taro aka cika a tsohon ɗakin cin abincinmu, ginin dutse ne da aka ce tun zamanin Turawa yake. Kowa ta sha anko. Waɗanda suka zo daga ƙauyuka suna rungume ni suna cewa, "Ina mutuniyarki? Ita ta zo har gidana a cikin ruwan sama." Ina cewa bari in duba tukunya.

Bayan addu'a aka shigo da Malamar ajinmu. Ta tsufa ƙwarai, ana riƙe da hannunta. An shirya za ta kira suna kamar da, kowa ta amsa. Hedigel ta miƙa mata littafin taro, ta ture shi ta ce, "'Yata, idona ba ya ganin wannan. Kuma ni da na kira ku kullum safe shekara uku, sai an ba ni takarda?"

Ta fara kira da ka, a jere, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Manyan mata masu jikoki suna miƙewa suna cewa, "Na'am, Malama," ana dariya ana share hawaye. In ta kira wadda ta rasu sai a ce Allah Ya jiƙanta, ta ce amin, ta wuce. Ta kira ni. Na amsa. Ta kira sunan da ke bin nawa.

Shiru.

Ta sake kira.

"Ta rasu ne?"

Aka ce a'a.

"Ba ta da lafiya?"

Hedigel ta matsa ta yi mata bayani a hankali, amma abin ɗaga murya yana kusa, kowa ya ji. Malama ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ni dai a ajina take." Sannan ta juyo wajen da muryata ta fito, ta ce, "Ke mai ƙarambau, ba a wajenki ta kwasa ba? Kina nan aka yi wannan?"

Ban san yadda na zauna ba. Abincin da na kwana uku ina fama da shi, ko loma ban kai bakina ba.

Washegari da hantsi na tafi Kiyawa. Na same ta a tsakar gida tana haɗa turaren wuta. Ta shimfiɗa min tabarma, muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na fara kame-kame, ta ce, "Bar wahalar da kanki. Tun kwana goma na ga littafin a gidan wata da na kai wa kaya. Sau biyu na duba, na ce ko idona ne."

Na ce, "Me ya sa ba ki zo kin same ni ba?"

Ta ce, "Ke nake jira. Da kin zo kin ce, ƙawata, an ƙi, na yi magana ba a ji ba, wallahi da ya ishe ni. Da ni zan taya ki girkin ma."

Na ce, "Ban yi maganar ba."

Ta ce, "Na sani."

Na fashe da kuka kamar ranar da aka kai ni aji ɗaya. Ta bar ni na yi mai isata. Da na ba ta labarin Malama, ta yi murmushi, ta shafa kumatunta inda ƙananan ramukan ƙarambau suke har yau, ta ce, "Allah Ya saka wa Malama. Ku naku sunan a littafi yake. Ni nawa a fuska aka buga min, kuma ba ya gogewa." Sai ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Tashi ki wanke ido kada a ce duka na yi miki."

Ta yafe ɗin da gaske. Har yau muna zumunci, 'yarta ma a ɗakina ta yi wankan haihuwar fari. Amma daga ranar, in ta yi sallama ƙullin kaya kawai take kwancewa. In na ce ina labarin wance, sai ta ce, "Ai ku za a tambaya, 'yan aji." Da dariya take faɗa, ba da gaba ba. Shekara ba ta zagayo ba mai yawan barcin nan ta bayan Buji ta rasu, ban ji ba sai bayan arba'in. Taron 'yan bayanmu kuwa ba ta je ba, ba su ma neme ta ba.

Yanzu ga waya a hannun kowa, muna da zaurenmu na 'yan aji a cikinta, duk mako ana turo gaisuwar Juma'a. Amma kusan rabinmu babu wadda ta san inda suke, kuma duk lokacin da aka tayar da maganar wani taron, a nan take mutuwa. Hedigel da kanta ta taɓa ce min, "Hajiya, mun yi kuskure." Na ce mata ita ba ta sani ba ne. Ni na sani.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na gane ba sai ka ɗaga hannu kake zaluntar mutum ba, kuma kujerar da za ta hana ka faɗin gaskiya a kan wanda ya yi maka alheri, gara ka zauna a ƙasa. Ina gaya wa 'ya'yana, in ana yanke magana a kan wanda ba ya wajen, ku ne bakinsa.

Malama ta rasu, Allah Ya haskaka kabarinta. Amma wani lokaci ina tsaka da aiki sai in ji muryarta tana kiran sunan nan karo na biyu, ɗakin ya yi tsit. Sai in tsinci kaina ina amsawa a fili, ni kaɗai a madafa, amsar da ta yi min sau ba adadi, wadda ni na kasa yi mata sau ɗaya:

"Tana nan, Malama. Tana tafe."