Mudi da Kilishin Ranar Juma'a

Wata rana, ana tsakiyar damina, wata mota ta tsaya a gaban rumfar wani mai kilishi a Funtuwa. Sunansa Mudi.

Hajiya Lantana ce ta fito. Duk mai sana'a a unguwar ya san ta. In ta yabi kayanka, ka samu cinikin matan gari. In ta taɓe baki, sai dai ka wuni kana korar ƙuda.

Kilishi take so, kwali guda, za ta aika wa surukan 'yarta a Ibadan.

Ya tambaye ta ranar da take so. Idonta na kan waya ta ce Juma'a.

Bakin Mudi har kunne, ya ce an gama.

An gama ina!

Washegari ya yanka nama, ya shanya a kan gadon kara, sai gari ya haɗe. Marka ta sauka. Kun san irin yayyafin nan mai naci, ba ya ɗaukewa, ba ya kuma zuba da ƙarfi a huta.

Shi kuwa kilishi rana yake so, har sau biyu: kafin a tsoma shi a labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, da kuma bayan an tsoma.

Bawan Allah ya koma mai gadin sama. Rana ta ɗan leƙo, ya fito da nama a guje. Kafin ya miƙe bayansa an soma yayyafi, ya kwashe a guje.

Abinci ya daina shiga. Ko a sallah, Allah ya yafe mana, hankalinsa na kan hadari.

Matarsa ta ce ya kira Hajiya ya gaya mata gaskiya. Ya ɗauko waya, ya nemo lambar, ya ƙura mata ido, ya mayar aljihu. Da wane baki zai ce wa Hajiya Lantana bai gama ba? Gani yake daga ranar sunansa ya mutu a garin.

Ranar Alhamis ya taɓa naman. Da sauran danshi. Hannunsa ya gaya masa, hancinsa ma ya gaya masa.

Amma Juma'ar nan ta tsaya masa a wuya.

Ya hura wuta, ya gasa shi a haka, ya naɗe a takarda tun da ɗuminsa, ya cika kwali. Juma'a da hantsi direban Hajiya ya zo ya ɗauka. Mudi ya sauke ajiyar zuciya, wai shi ya cika alkawari.

Mako na zagayowa sai ga Hajiya da kanta, direba na biye da kwalin. Aka buɗe. Fumfuna ta rufe naman fari fat, ga wani wari da ya sa masu wucewa toshe hanci.

Mudi ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi rana ce babu. Marka ta hana shi bushewa, ga shi kin ce Juma'a."

Hajiya ta dube shi ta ce, "Juma'a? Haba Mudi. Kai ka tambaye ni rana, na faɗi wadda ta zo bakina. Wanda zai kai shi Ibadan ma sai gobe zai tashi. Tun da aka kawo kwalin nan yana ajiye a sito. Me ya hana ka kira ni?"

Mudi ya sake duban kwalin.

Wallahi sai da ya ji kamar ya zauna a ƙasa ya yi kuka.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta ce Allah ya ba da kasuwa, ta shiga mota.

Yana tsaye, kwalin na gabansa, yana kallo motar ta tsallaka titi, ta tsaya a rumfar wani mai kilishin.

Darasi:

Ba kowane wa'adi ne wuƙa a wuya ba. Wani kawai faɗarsa aka yi don ka tambaya.

Kafin ka hana kanka ci da sukuni, kafin ka ɓata aikin hannunka don ka cika rana, ɗaga waya ka ce, "Ba zai samu ba, za a iya ƙara min lokaci?" Kunyar wannan maganar ba ta kai kunyar miƙa ɓataccen aiki ba.

Ka san wani da aiki ya shaƙe wa wuya a makon nan? Tura masa wannan, ko ya samu ya numfasa.