Kisa na Sha Uku

Ranar Lahadi, 4 ga Mayu, kasuwar Jibiya na tsakiyar ci, wani direban Maraɗi ya tsayar da ni a tasha ya ce Inusa Ɗan Zalika ya rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inusa, ni ne Rabe, abokin dambenka. A damben gargajiya, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. Sau shida ka kashe ni, sau shida na kashe ka, kullum mu tashi mu kakkaɓe, mu ci tuwo kwano ɗaya.

Ban taɓa ganin mai ƙin a fi shi irinka ba. Ko lodin buhuna ake a bakin iyaka sai ka mai da shi gasa. Har furar da muke sha wajen rakiya kake riga na shanyewa ka kife ƙwarya ka ce ka ci. Amma shekarar da na karye, kai ka riƙa ƙetarowa daga Maraɗi kana kawo mini gero duk mako, kana cewa, "Ka warke maza, ban iya dambe da gurgu." Wallahi tsoron kunya a gabanka ne ya tashe ni.

Sai karo na sha uku, a Magama. Muka zube tare, ƙura ta turnuƙe, alƙali ya ɗaga hannuna. Shekara ashirin kana rantsuwa ni na fara dafa ƙasa, ni ina maka dariya. Da gaskiyarka. Na sani tun ranar.

Da na ji kana kwance, na tafi in sauke wannan nauyi. Ina buɗe baki ka ɗaga hannun nan da ya sha ɗaurin zaren dambe.

"Yi shiru, Rabe. In ka hwaɗi, gardamar mi za mu yi in na tashi?"

Na yi shiru, kai kuma ba ka tashi ba.

To, mutanen Jibiya da na Maraɗi, ku shaida: bakwai da shida ne, Inusa ke da bakwai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Zalika, da matarka Luba, da 'yarka Rahma, Allah Ya ba ku haƙuri. Nan ma ka riga ni, sarkin son gaba.